Ƙafar Mumtaz ta Hagu

Ruksana ce ta tona maganar, ba kuma da niyya ba. Wata Talata da hantsi ta shigo ɗakin gaban gidana, inda nake ajiye ma'auni da akwatin magani, ta zauna a bakin gadon igiya ta ce in ba ta ƙwayoyinta na tazarar haihuwa kamar yadda ta saba karɓa duk wata. Shekara goma sha tara ke nan ina aikin duba lafiyar mata da yara gida-gida a ƙauyenmu, ba na buƙatar awo kafin in gane mai ciki. Fuskarta ta cika, wuyanta ya yi duhu, zaman da ta yi ma na masu ciki ne.

"Ruksana, tashi tsaye in gan ki."

"Baji Shagufta, sauri nake, na bar madara a wuta."

"Ta ƙone. Ɗaga rigar."

Wata huɗu ne da ɗoriya. Na ce mata ko dai alli nake ba ta ban sani ba, ko kuma wani bakin ne ke haɗiye ƙwayoyin ba nata ba. Ta fara dariya, dariyar ta tsaya a rabi, ta ja mayafi ta rufe baki. Sai da na tura ƙofa sannan ta faɗa. Wata takwas ke nan tana karɓa tana kai wa Mumtaz.

Mumtaz ita ce auta a gidan Chacha Sarwar, mahaifin mijin Ruksana (Chacha, wato baffa, muke ce wa dattijo). Ranar da aka haife ta namiji aka sanar, aka yanka awaki biyu. Sunan a wajenmu ana sa wa maza ana sa wa mata, don haka bai taɓa buƙatar canji ba. Tun tana 'yar ƙarama in tana maganar kanta da bakin mata take yi, don a yarenmu namiji da mace ba sa faɗin "na yi" iri ɗaya, mayafin uwarta take yafawa, cikin 'yan mata take wasa. An yi dukan, an kai ta hubbaren waliyyi an karɓo laya, an aske mata kai sau biyu. Ta bar makaranta a aji bakwai saboda abin da yara maza ke yi mata a hanya. Daga baya kowa ya gaji ya zuba ido. A nan "ita" zan riƙa cewa, domin haka nake kiranta yanzu, amma a lokacin "shi" nake cewa kamar kowa. Ta kai shekara goma sha tara, lokacin auduga tana cira cikin mata, sauran watanni tana kan keken ɗinki daga safe har la'asar. Babu matar da ke ƙauyen da ba ta da riga ɗinkin Mumtaz.

Da yamma na same ta a ɗakin ɗinkin. Tana sanye da rigar maza mai faɗi sosai, mayafi a kafaɗa. Da ta ga fuskata ta san Ruksana ta yi magana, ta tsayar da keken.

"Guda nawa kake sha a rana?"

"Uku."

"Uku! Wanda nake ba Ruksana ɗaya ne a rana. Sauran fa?"

"Mai shagon magani a kasuwar Alhamis. Ba ya tambaya. Yana ɗauka Bhabi ce ta aiko ni."

Bhabi ita ce Ruksana, haka ake kiran matar yaya, kamar yadda ni ake ce mini Baji, wato babbar yaya. Na tambaye ta wa ya koya mata. Ta ce bara a taron hubbare ta haɗu da wasu kwaja sira, waɗanda aka haifa maza suke rayuwar mata, masu zuwa waƙa da rawa gidan suna da gidan biki, ɗaya daga cikinsu ta rubuta mata sunan maganin a tafin hannu. Ita ce ta ce mata uku a rana ya fi sauri.

Na fara yi mata bayani irin wanda nake yi wa mata, cewa ƙwayar nan ko mace mai shan taba ba a ba ta, cewa tana iya daskarar da jini a jijiya, cewa ɗaya ma sai an auna hawan jini. Ta saurara har na gama. Sannan ta kama hannuna ta ɗora a kumatunta.

"Taɓa ki ji, Baji. Da kullum sai na yi aski, ina yi ina rufe ido. Yanzu sai kwana huɗu. Ƙirjina ya fara fitowa. Kin san shekara nawa na yi ban kalli madubin can ba? Na ɗinka rigunan amare sun fi ɗari, kowace ta sa ta juya a gabansa, ni ina gefe ina riƙe da allura a baki."

"In jinin ya daskare mutuwa za ka yi."

"To me zan sha a madadinsa?"

Ban sani ba, na kuma ce mata ban sani ba. Na ce dai daga hannuna ba za ta sake samun ko ɗaya ba. Ta ce ta ji, ta mayar da ƙafa kan keken.

Ƙarshen wata da muka je taro a ƙaramin asibitin yankinmu na ja shugabarmu gefe na tambaye ta, ban ambaci suna ba. Ta dube ni ta saman tabarau ta ce, "Shagufta, takardarki gida biyu ne, mata masu aure da yara 'yan ƙasa da biyar. A wanne za ki sa shi?" Na tambayi mai haɗa magani, ya yi dariya har da buga tebur, ya ce in kawo masa shi zai gyara masa zama da allura guda. Na dawo gida na duba littafin horonmu shafi-shafi, babu komai. Na bar maganar. Na san tana ci gaba da saye a kasuwa, domin duk Alhamis ina ganinta a bayan motar kasuwa.

Wata biyu bayan haka, ana tsakiyar cirar auduga, uwarta Masi Bakhtan ta zo da sassafe ta ce in zo in ga ƙafar yaron, kwana uku ba ya takawa. Na tarar da Mumtaz kwance a tsakar gida ƙarƙashin bishiyar darbejiya. An kira tsohon da ke ɗora karaya, ya zuba man mustad mai ɗumi yana murza sha-raɓar da ƙarfinsa, ita kuwa ta cije mayafi.

"Chacha, ɗauke hannunka."

"Jijiya ce ta hau kan jijiya. Shekara arba'in ina wannan aiki, 'yata."

"Na sani. Ɗauke dai."

Na ɗauko zaren awon da nake auna cikin mata na auna sha-raɓa biyun. Ta hagu ta fi ta dama da kusan faɗin yatsu uku, ta yi zafi, fatar tana sheƙi. Na tambaye ta ko numfashi yana yi mata wuya, ta ce a'a. Na ce kada a sake taɓa ƙafar, kada ta taka, yanzu za a tafi babban asibitin gunduma.

Chacha Sarwar yana zaune a kan gadon igiya yana jan lofensa na ruwa. Mutum ne mai ƙarancin magana, yana da kadada uku da ɓauna biyu na tatsa, kuma ban taɓa jin ya ɗaga wa kowa murya a waje ba. Ya ce ƙaramin asibiti ya isa. Na ce ba su da na'urar duba jijiya. Ya ce to a jira a gama cirar gonar gabas, jibi. Babban ɗansa Mazhar, mijin Ruksana, yana tsaye a bakin ƙofa da buhu a kafaɗa, shi ne ya faɗi abin da uban bai faɗa ba.

"A kai shi birni a tuɓe masa riga a gaban mutane? Baji, kin ga abin da ke ƙarƙashin rigar nan? Ni na gani. A shagon shayi ba na iya zama. Jiya ma wani ke tambayata nawa ne sadakin ƙanwata."

"Sai ka ce masa ya fi ƙarfinsa," in ji Ruksana daga bakin murhu.

"Ke yi mana shiru, ke kika jawo," in ji Mazhar.

Na durƙusa kusa da gadon Chacha Sarwar na yi ƙasa da murya. Na ce gudan jini ne ya toshe jijiya. In ya ɓalle zai bi jini ya tafi huhu, kuma in ya tafi ba a kaiwa ko bakin titi. Na ce na taɓa gani sau ɗaya, a kan matar mai injin niƙa, kwana tara bayan ta haihu, shi ma ya je jana'izar. Ya ajiye bakin lofen. Sannan ya ce wa Mazhar ya je ya kira mai babur mai ƙafa uku. Mazhar ya jefar da buhun ya fita.

Awa biyu da rabi muka yi a hanya, ƙafar a kan cinyata, Masi Bakhtan tana riƙe da kan. Chacha Sarwar yana gaba kusa da direba, bai waiwayo ba ko sau ɗaya.

A asibitin tagar yankar kati biyu ce, ta maza da ta mata. Na bar su a kan benci na shiga layin mata da katin ɗan ƙasa na Mumtaz. Matar da ke tagar ta duba katin ta turo mini, ta ce namiji ne, can. Na shiga layin maza, ni kaɗai mace, aka yi ta matsa mini hanya ana ƙus-ƙus. Mai tagar ya leƙo ya ga wadda ke kan bencin da mayafi da doguwar suma, ya ce, "Wannan ce Mumtaz ɗin? Baji, mu nan maza muke rubutawa, masu gemu." Amma ya yanka.

Likitar da ke ɗakin gaggawa ranar mace ce, Dakta Farhat, siririya, ba ta fi shekara talatin da biyar ba. Ta ja labule, ta duba ƙafar, ta ce a ɗaga riga ta saurari ƙirji. Fuskarta ba ta canza ba. Ta tambayi me ake sha, na miƙa mata kwalin da na ɗauko daga aljihun keken ɗinki. Ta karanta, ta tambayi guda nawa, tun yaushe. Sannan ta ce, "Yaya kike so in kira ki, kai ko ke?"

Mumtaz ta kalli uwarta kafin ta ce, "Ke."

"To. Ke, kin yi sa'a. Wa ya hana a ci gaba da murza ƙafar?"

Aka nuna ni. Ta gyaɗa kai ta rubuta a yi hoton jijiya. Hoton ya nuna gudan jini daga bayan gwiwa har tsakiyar cinya. Aka yi mata allurar tsinka jini ta farko a fatar ciki, aka ce za a kwantar da ita.

Nan aka tsaya. Katin na maza ne, aka ɗora ta a keken marasa lafiya aka tura zuwa ɗakin maza. Gado ashirin da huɗu, kowane da masu jinya biyu ko uku, duk suka juyo. Wani mai filasta a hannu ya ce, "Kai, an kawo mana mai rawa, a share fili!" Wani ya tafa hannu irin tafin kwaja sira, ɗakin ya ɗauki dariya. Mumtaz ta ja mayafi ta rufe fuska gaba ɗaya. Banɗakin ɗakin guda ne, ƙofarsa ba ta da sakata. Na ce wa mai tura keken ya juya.

Babbar nas ta ɗakin mata ta tare ƙofa da jikinta. Ba mugunta a fuskarta, gajiya ce. Ta ce, "'Yar'uwa, ki fahimce ni. Matan nan mazajensu suna bakin ƙofa. In suka ji na kwantar da mai katin maza a ciki, ni za su ci. Ki kawo mini takarda daga sama in buɗe." Shugaban asibitin ya tafi taro, sai Litinin.

Aka ajiye mata gado a baranda tsakanin ɗakunan biyu, kusa da famfon da kowa ke ɗibar ruwa. Masi Bakhtan ta ɗaura zanen gado a ƙarfen taga da sandar ƙarin ruwa, ya zama labule rabi. Duk mai zuwa famfo sai ya rage tafiya. Chacha Sarwar ya shimfiɗa rawaninsa a ƙasa wajen ƙafar gadon ya zauna, ya juya wa gadon baya, yana fuskantar masu wucewa. Bai yi wa kowa magana ba, kallonsu kawai yake yi, kuma yawanci in ya kalli mutum sai ya ƙara sauri. Ni na kwana gidan ƙanwata a garin.

Washegari da hantsi na dawo na tarar da hayaniya tun daga ƙofar baranda. Labari ya kai gidan kwaja sira na bayan tashar jirgi, ta bakin wata mai shara. Shugabarsu, Guru Shammi, ta zo da almajiranta biyu da kwanon shinkafa da kaza. Babbar mace ce, ta haura sittin, da lalle ja a suma da murya kamar ta mai kiran kasuwa. Tana tsaye gaban nas ɗin tana tafa hannu.

"Ranar da kika haifi ɗanki na fari wa ya zo ya ɗauke shi ya sa masa albarka? Ni ce ko ba ni ba ce? Kin ba ni atamfa koriya, har yau tana nan. Yau kuma 'yata ce a bakin famfo kamar bokiti!"

"Guru, ki rufa mini asiri, ba ni na yi dokar ba."

"Wa ya yi? Nuna mini ofishinsa in je in tuɓe a ƙofar."

Dakta Farhat ce ta kashe wutar. Akwai wani ɗan ɗaki kusa da ɗakin haihuwa inda ake jibge karyayyun kujeru da tsofaffin fayil. Ta sa aka kwashe rabi, aka tura gadon ciki. Taga ɗaya, fanka ba ta aiki, amma akwai ƙofa. A nan Mumtaz ta yi kwana shida.

Da aka natsu Guru Shammi ta zauna a bakin gadon, ta buɗe kwanon, ta ba Mumtaz a baki da hannunta. Ta tambayi wace ce ta rubuta mata sunan maganin, da ta ji kamanninta ta ja tsaki ta ce waccan ko sunanta ba ta iya rubutawa daidai. Ta ce a gidanta mutum biyu sun yi irin wannan ciwon, ɗaya tana nan tana ɗingishi, ɗaya an binne ta shekara uku da suka wuce. Sannan ta juya ga Chacha Sarwar, wanda ke tsaye a bakin ƙofa.

"Malam, kai ne uban? To ka ji. In an sallame ta ka bar mini ita. Akwai ɗaki, akwai abinci, akwai 'yan'uwanta goma sha ɗaya. Tana ɗinki an ce, ba sai ta yi rawa ba ma. Ka koma ƙauye ka ce ta tafi Karachi aiki, kowa ya huta. Haka ake yi. Yawanci ma ba a kawo mana su asibiti, a tasha muke tsintarsu da kai a fashe."

Masi Bakhtan ta fara kuka ba sauti. Chacha Sarwar ya ce, "Ni ban yar da kowa ba."

"Yau ba ka yar ba. Gobe in 'yan'uwanka suka daina gayyatarka biki fa?"

"Sun daina tun tuni."

Guru Shammi ta dube shi sama da ƙasa, ta ce wa Mumtaz, "Ke fa, 'yata? Bakinki ne."

Mumtaz ta ce keken ɗinkinta yana gida, kuma akwai rigunan amarya guda huɗu da ta yanka ba ta haɗa ba. Guru ta yi dariya ta ce ta ji dalilai iri-iri amma wannan sabo ne. Ta sa almajirarta ta zuba lambarta a wayar Mumtaz, ta ce ƙofarta ba ta da awa. Kullum har aka sallame mu sai an kawo kwano daga gidan.

Ranar sallama Dakta Farhat ta rufe ƙofa, ta ce uban ma ya shigo ya ji. Ta ce za a sha maganin tsinka jini wata shida, ana gwajin jini a kai a kai. Ta ce ƙwayoyin tazarar haihuwa an gama da su har abada, ko ɗaya ta sake sha tana iya kashe ta. Mumtaz ta tambaya shi ke nan kenan. Likitar ta ce ba shi ke nan ba. Akwai wani nau'in maganin da ake shafawa a fata, wanda haɗarinsa ga jini bai kai wannan ba, amma ita ba fanninta ba ne, kuma ga wadda ta taɓa samun gudan jini sai ƙwararre ya duba ya yanke. Ta san wata likita a Lahore da ke ganin irin Mumtaz. Ta rubuta suna da wasiƙa, ta ce bayan wata shida, ba kafin nan ba, kuma ba ta yi alkawarin za a ba ta ba. Mumtaz ta miƙa hannu, amma Chacha Sarwar ne ya fi kusa, ya karɓa ya ninke ya sa a aljihun ƙirji. Bai iya karatu ba.

Ƙafar ta saɓe cikin sati uku. Ina zuwa duk bayan kwana biyu in duba dasashinta da fatarta ko akwai alamar zubar jini, ranar gwaji kuma in raka ta ƙaramin asibiti in tsaya a kan mai haɗa maganin har ya ɗebi jinin bai ce komai ba. A wannan zirga-zirgar ce bakina ya koma "ke", ban san ranar ba.

Abin da ba a rubuta a takardar sallama ba shi ne abin da zai biyo bayan daina ƙwayar. A wata na biyu gashin fuska ya dawo kamar da, fatar ta yi kaushi. Ta gama rigunan amaren huɗu ta daina karɓar sababbi. Ta juya madubin ɗakin ɗinki ya fuskanci bango, mata masu gwada riga suna juyo shi in sun tafi ta mayar. Gurasa rabi take ci. Na auna ta, ta rage kilo shida. In na yi mata magana tana amsawa daidai, cikin ladabi, kamar mai amsa wa baƙo.

Wata rana Ruksana, cikinta ya tsufa, ta tare ni a bakin magudanar ruwa ta ce abu biyu sun dame ta. Mumtaz ta ba ta almakashinta mai kyau, wanda ba ta barin kowa ya taɓa. Kuma shekaranjiya ta gan ta tsaye a rumfar da ake ajiye maganin feshin auduga, ba ta ɗauki komai ba, tsaye kawai. A yankinmu ba sai an yi wa kowa bayanin wannan ba. Na wuce gona kai tsaye na samu Chacha Sarwar yana gyara kunya. Na gaya masa. Ya ajiye fartanya, ya je gida ya kwashe duk abin da ke rumfar a amalanke ya kai ɗakin injin ban-ruwa na maƙwabcinsa, ya sa kwaɗo, ya bar mabuɗin a can.

Ni kuma na shiga ɗakin ɗinki na tambaye ta kai tsaye ko tana tunanin kashe kanta. An koya mana yin wannan tambayar ga masu jego. Ta ce wani lokaci. Na ce yau fa. Ta ce yau da sauƙi. Na ce saura wata uku da kwana goma a je Lahore. Ta ce, "Baji, wa zai kai ni? Abba bai taɓa wuce Multan ba. Takardar ma ina jin ta narke a wanki."

Na gaya wa Masi Bakhtan kada a bar ta ita kaɗai, uwar ta mayar da gadonta ɗakin. Na kira Guru Shammi, ta riƙa kiranta a waya kullum bayan azahar tana zaginta cikin wasa, tana ba ta labarin faɗan gidansu, wa ta saci jan bakin wa. Sau biyu na ji dariya daga ɗakin. Na kuma koma wajen Chacha Sarwar na ce ya nuna mata takardar. Ya ce me zai ce. Na ce ba sai ya ce komai ba. Da la'asar ya shiga ya ciro ta daga cikin ledar da yake ajiye takardun gona, ya buɗe a kan keken ɗinki, ya ce, "Bayan an yanke alkama." Ya ninke ya fita.

An yanke alkama, suka tafi, su biyu da Masi Bakhtan, awa bakwai a mota. Ban bi su ba, lokacin allurar shan inna ne. Likitar Lahore ta yi gwaje-gwaje, ta sa suka sake komawa bayan wata guda, sannan ta yarda da man shafawar, kaɗan, da sharaɗin a riƙa zuwa duk wata uku. Ba a samunsa a gundumarmu, daga can suke tahowa da shi, kuma sau biyu ya yanke aka yi sati-sati babu. Aikinsa ba ya sauri kamar na da, Mumtaz ta yi ta ƙorafi a kai, amma ta koma cin abinci, ta koma karɓar ɗinki.

Mazhar bai jira wannan ba. Kafin damina ya gina ɗaki biyu a can ƙarshen gona ya kwashe iyalinsa. Ba ya shiga gidan uban in Mumtaz tana tsakar gida, Ruksana kuwa tana zuwa in ya tafi kasuwa. Ƙanin Chacha Sarwar ya aurar da 'ya bai aiko musu da goron gayyata ba, amma rigar da amaryar ta sa ɗinkin Mumtaz ce, uwar amarya ta aiko da yadin ta bayan gida. Yanzu Mumtaz tana da shekara ashirin da biyu. Ƙafar hagun tana kumbura in zafi ya yi yawa, tana sa doguwar safa mai matsewa, kuma duk awa ɗaya sai ta tashi daga keken ta zaga tsakar gida kamar yadda aka ce mata.

Labari ya bazu cewa Baji Shagufta ta san kan irin wannan. Bara wata mata daga ƙauyen da ke hayin magudana ta zo ɗakina da rana tsaka, lokacin da kowa ke barci, ta ƙi zama. Ta ce ɗanta, shekara goma sha bakwai, irin Mumtaz ne, kuma ta tsinci allurai a cikin matashinsa, wani mai shago ne ke yi masa. Ta ce ubansa bai sani ba, yayyensa uku. Na rubuta mata lambata, na ce ta kawo shi ranar Asabar kamar za a ɗinka riga, mu haɗu a gidan Chacha Sarwar. Mumtaz ta dafa shayi ta jira har la'asar. Ba su zo ba.

Ƙauyen ba ya cikin gidajen da aka ba ni, amma na haye sau biyu da akwatin allurar yara a hannu don kada a tambaye ni. A zuwan farko aka ce ba kowa a gidan. A na biyu babban yayan ya fito ya ce ƙaninsa ya tafi Karachi aiki tun watan jiya, ya tambaye ni ko akwai wani abu. Na ce babu. Uwar ba ta fito ba.